Saloma ta Ɗinka Kwalekwale

Saloma Yari tela ce, kuma da wannan sana'ar aka san ta a Zuru. Tun tana 'yar shekara sha shida ta fara taka keke a shagon gwaggonta kusa da kasuwa. Da ta auri Ezekiel, wanda ya shiga soja kamar mahaifinsa da yayyensa biyu, sai keken ya bi ta bariki-bariki: Kaduna, Jos, Fatakwal, Maiduguri. Duk inda aka ba su ɗaki, kafin ta jera tukwane ta kafa keken a bakin ƙofa. Ta rage wa kuratan soja wanduna, ta ɗinka wa matan zumunta anko, ta yaye yara uku a gefen wannan keken. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. In kafaɗar riga ta karkace sai ta warware ta sake, ko da mai kayan yana tsaye yana jira.

Ezekiel ya yi ritaya yana saje mai igiya uku, suka dawo gida. Yaran duk sun watse. Babbar, Rebecca, tana aiki a Legas. Shi da Saloma suka koma noma gonar gado da ke wajen Bena, suna samun dawar da za ta kai su shekara. Da rashin tsaro ya yi yawa a wannan hanyar, dole suka bar ta. Wani ɗan'uwa ya ba su wata fadama, tafiyar rabin awa a babur daga Zuru, ƙasa mai kyau ta shinkafa. Matsalarta ɗaya: tana tsallaken rafi. Da rani rafin yashi ne zalla, har babur yana wucewa. Amma daga Yuli zuwa Oktoba ruwa yakan kai ƙirji, wani lokaci ya shanye mutum. Gada tana da nisa, sai an yi zagayen awa biyu.

Shekarar farko ruwa ya cika kwana tara a jere, ciyawa ta cinye rabin shinkafar. Da aka zo girbi suka riƙa ɗauko buhuna a ka suna ratsa ruwan. A sawu na huɗu santsi ya kwashe Saloma. Ruwa ya ja ta har wata kwana, inda Allah ya sa ta cafke saiwar wani itace. Buhun ya tafi.  Sai da suka iso gida, tana shanya zanenta, Ezekiel ya ce mata shi zai yi kwalekwale.

Ba maganar banza ya yi ba. Lokacin da suke Fatakwal ya yi shekara uku yana gadi a wani wurin da ake ƙera ƙananan jiragen ruwa, kuma maimakon ya zauna a kujera, sai ya riƙa kama musu aiki. Da falankin filawud suke yi, su haɗa shi da wani danƙo mai suna ifoksi, su lulluɓe da faiba, wato wani farin yadi da aka saƙa da zaren gilashi. Ya rubuta awon ɗaya a ƙaramin littafi ya ajiye cikin akwatinsa na soja. Kafin ya fara sai da ya je Yawuri ya duba kwalekwalen can. Ya dawo ya ce ba za su yi ba: sun yi nauyi, kuma in rafi ya ƙafe aka bar su a rana wata bakwai, katakon zai tsattsage. Shi yana son wanda mutum biyu za su ɗaga su kawo gida.

Ya sayo filawud daga Kwantagora. Rebecca ta nemo ifoksin a Legas, galan biyu, babba da ƙarami, da naɗin faiba, ta ba wani direba ya kawo. A watan Janairu Ezekiel ya haɗa falankan suka kai tsawon ƙafa goma sha biyu, ya yanke na ƙasa, ya yanke gefe ɗaya. Saloma tana kan kekenta tana jin ƙarar zarto daga rumfa, ba ta taɓa leƙawa ta ga yadda yake yi ba.

Wata Lahadi da safe a watan Fabrairu, ya sunkuya zai ɗaura takalmi su tafi coci, sai ya kife. Sati uku suka yi a asibiti. Da aka sallame shi, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito.

Falankan suka zauna a rumfa, kaji suna hawa. Wani kafinta ya zo ya ce a ba shi ya yi musu kabad da su. 'Yan'uwan Ezekiel suka ba da shawara a mayar wa mai fadama da fadamarsa, tunda ba mai noma ta. Saloma ta saurare su duka, ta ce za ta yi tunani. Ita dai ta san in suka bar wannan gonar babu wata, kuma fansho kaɗai ba zai ciyar da su ya sayi magani ba.

Wata rana tana binciken akwatinsa tana neman wata takardar fansho, sai ta ci karo da littafin. Ta buɗe ta ga zanen: ƙasa ɗaya, gefe biyu, baya ɗaya, kowanne da lambobi a jikinsa, kowanne da lanƙwasarsa. Ta daɗe tana kallo. Ba ta ga wani abin da ya bambanta shi da yankan riga ba. Ta ɗauki littafin ta je ta zauna kusa da kujerar da yake kai.

"Baban Rebecca, da me ake haɗa su? Ƙusa?"

Ya girgiza kai. Ya yi ta ƙoƙari, sannan ya ce, "Ɗinki."

Ta zaci harshen ne ya kuɓuce masa, ta sake tambaya. Ya sake faɗa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna mata a jikin kujerar: huda nan, huda nan, a zura waya, a murɗe. Ashe ɗinke falankan ake yi da waya tukuna, su ɗauki siffa, sannan a zuba danƙo a mahaɗin.

"In dai ɗinki ne," in ji ta, "zan yi. Kai ka zauna ka duba ni."

Washegari ta sa aka mayar da kujerarsa bakin rumfa. Ta samo takardar buhun siminti ta shimfiɗa ta a kan gefen da ya riga ya yanke, ta fitar da siffarsa da alli, ta juya takardar kamar yadda take yi wa hannun riga, ta zana ɗaya gefen. Zarton ne ya ba ta wuya. Hannunta ya saba da almakashi, zarto kuwa sai ya riƙa bin son ransa. Ta koyi yanka nesa da layi kaɗan, sannan ta bi da samfefa tana ci har ta iso kan allin. Gefe ɗaya ya ci mata kwana huɗu, sannan ta yanke na baya.

Abin huda ta aro wajen maƙwabcinsu Malam Yazid, mai gyaran jikin mota, mutumin wajen Argungu da ya yi shekara ashirin a Zuru. Shi ma yana aiki da faiba in bambar mota ta fashe. Ya tambaye ta mi za ta yi da shi, ta gaya masa. Bai yi dariya ba. Da yamma ya leƙo da ƙunshin wayar tagulla da ya karɓo wajen mai gyaran fanka, ya ce ta fi ta ƙarfe laushi.

Ta huda ramuka a jere, tazarar yatsa huɗu tsakaninsu, ta riƙa zura waya tana murɗewa da filaya. Ranar da ta ja waya ta ƙarshe a goshi, wato gaban kwalekwalen, falankan da suke kwance shimfiɗe suka miƙe suka lanƙwashe, abu ya zama kwalekwale a tsakar gida. Ta ja da baya tana kallo da murna. Sai ta ji Ezekiel yana buga sandarsa a ƙasa. Ya sa ta ɗauko zare ta auna daga goshi zuwa kusurwar baya ta dama, ta sake aunawa zuwa ta hagu. Ɗaya ta fi ɗaya da yatsa uku. Jirgin ya murɗe. Ta sassauta wayoyin kusan duka, ta tokare nan, ta danne can da dutse, tana aunawa tana sake ɗaurewa. Kwana uku kafin zaren ya zo daidai, kafin sandar ta yi shiru.

Danƙon ne ya kusa karya ta. Littafin ya ce awo biyu na babban galan, awo ɗaya na ƙarami, a gauraya. Bai faɗi komai game da zafin Zuru a watan Maris ba. Ta gama ɗinkin safe, ta dafa abinci, ta ba Ezekiel, sannan da rana tsaka ta haɗa mai yawa a cikin robar man shanu don ta gama aikin gaba ɗaya. Ezekiel yana barci a ɗaki. Ba ta yi nisa da shafawa ba ta ji robar ta ɗau zafi a hannunta. Kafin ta ajiye har ta fara hayaƙi, ta narke ta lotsa, danƙon ya daskare kamar dutse da buroshin a tsaye a ciki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Rebecca ta aiko ya tafi a nan.

Ta zauna a ƙasa tana kallon robar. Malam Yazid da ya ji wari ya shigo, ya duba robar, ya ce kada ta damu, yana da irin nasa danƙon na bamba, zai ba ta ta cike da shi. Da aka fito da Ezekiel aka gaya masa, ya ce a'a da ƙarfin da ba a ji daga bakinsa ba tun da ya faɗi. Da ƙyar ya fahimtar da su cewa na mota ba ya kama katako da kyau, in ya sha ruwa zai ɓare kamar ɓawon rogo. Yazid bai ji haushi ba, ya ce Saje ya fi shi sanin ruwa da katako.

Daga nan Saloma ta sauya tsari. Ta binne galan biyun cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ta sayo sirinji biyu a kemis don awo. Ta koma yin aikin da sassafe, da gari ya waye kafin rana ta yi ƙarfi, kuma ba ta haɗa abin da ya wuce rabin kofin shayi, ta baza shi a faffaɗan faranti. Ta karɓo garin katako wajen masu zarto, ta tankaɗe shi da rariya, ta riƙa kwaɓa shi da danƙon har ya yi kauri kamar tunkuza. Da bayan cokali take bin mahaɗin tana cikewa tana lailayewa. In ya bushe ta yanke wayoyin ta zare, ta toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya.

A sati na biyu hannayenta suka yi ƙuraje har gwiwar hannu, ga ƙaiƙayin da ƙurar faiba ke sawa in tana goge da samfefa. Mai kemis ya ba ta man shafawa ya ce ta nisanci abin. Sati guda ba ta taɓa jirgin ba, ba ta ma iya taka keke sosai. Matan zumunta suka zo duba Ezekiel suka tarar da ita a haka. Shugabarsu ta ja ta gefe ta ce mata jinyar miji ma aiki ce, kada ta kashe kanta a kan katako, ga shi har a kasuwa ana cewa matar Saje ta koma kafinta. Saloma ta gode mata. Ta ce ruwa zai sauka a watan Yuni ko ta huta ko ba ta huta ba, kuma ita ce za ta tsallaka rafin nan, ba masu maganar ba. Da ƙurajen suka lafa, ta ɗinka wa kanta riga mai dogon hannu da roba a wuyan hannun, ta sayo safar hannu irin ta asibiti, ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta koma.

Da aka kife jirgin aka zo lulluɓa masa faiba, yadin ya kwanta lafiya a ƙasa da gefuna, amma a goshi, inda katakon ya lanƙwashe ya tsuke, sai ya tattare ya yi kumburi. Littafin bai ce komai ba. Ezekiel ya kasa tuna yadda suke yi a Fatakwal, abin ya ɓata masa rai har ya juya fuska. Yazid ya ce shi a mota tsattsaga shi yake yi ya ɗora wani kan wani. Saloma ta murza yadin a yatsunta ta duba saƙarsa. Ta ɗauko almakashinta ta yanko wani ƙyalle a karkace, yadda take yanka na bakin wuyan riga don ya zagaya ba tare da ya tattare ba. Ta ɗora a goshin, ta shafa danƙo. Ya bi lanƙwasar ya kwanta luf, farinsa ya ɓace, katakon ya fito ta ciki. Ezekiel ya miƙa hannun hagu ya shafa wurin, ya yi dariya da rabin bakinsa.

Danƙon bai isa a lulluɓe ciki ba. A nan suka saɓa. Ezekiel yana so a dakata a sa Rebecca ta sake aikowa. Saloma ta lissafa kwanaki ta ga an shiga Mayu, hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Ta ce ciki za ta sa faiba a mahaɗai kawai da inda ƙafa ke taka, sauran ta bi da fenti shafi uku. Kwana biyu yana fushi da ita. A na uku ya nuna a miƙo masa samfefa, ya jawo kujera ya fara goge bakin jirgin da hannun hagu.

Farkon Yuni suka ɗora shi a kan a-kori-kura suka kai dam ɗin garin. Yazid ne ya shiga, don shi ya tashi a bakin gulbi, ya iya filafili tun yana ƙarami. Jirgin ya zauna a ruwa daidai, bai karkata ba. Ya yi nisa kaɗan sai suka ga Yazid ya sunkuya yana duba ƙafarsa, ya juyo. Ruwa yana tsattsafowa ta baya, siriri kamar zare. Rami ɗaya ne na waya ta manta ba ta toshe ba, fenti ya rufe shi. Mutanen da suka taru suka fara 'yan maganganu. Saloma ta sa alli ta zagaye wurin, ta ce a mayar da shi mota. Ta bar shi ya bushe kwana biyar, ta toshe, ta bi sauran ramukan duka da tsinin allura tana gwadawa. Komawa ta biyu Yazid ya yi awa guda a ciki tare da buhun yashi uku, ya fito ƙafarsa a bushe.

Saura ita. Ba ta iya iyo ba, ba ta taɓa riƙe filafili ba. Ta ɗaura jarkoki biyu marasa komai a ƙirji da baya, ta shiga. Ranar farko jirgin ya yi ta juyawa da ita a wuri ɗaya. Yazid yana bakin ruwa yana cewa, "Maman Rebecca, ba da ƙarhi ba. Ki tsoma shi a hankali, ki ja kusa da jikin jirgi." Sati biyu tana zuwa duk safiya kafin ta iya kai shi inda take so ta dawo. Da suka je duba rafin, Yazid ya ce ruwan dam kwance yake, wannan kuwa gudu yake yi, filafili kaɗai ba zai ishe ta ba. Suka ɗaura igiya mai kauri daga wata ɗorawa a wannan gaɓar zuwa wata a waccan, suka sa zobe da gajeriyar igiya a goshin jirgin, yadda ko hannunta ya kuɓuce ruwa ba zai tafi da ita ba.

A watan Agusta rafin ya cika ya yi ja. Wata rana Saloma ta zo da buhun taki biyu. Ezekiel, wanda ya fara takawa da sanda, ya nace aka kawo shi a Keke Napep har bakin ruwa. Masu gonakin tsallake suna zaune a gaɓa suna jiran ruwa ya ragu, kamar yadda suka saba. Saloma ta ɗora takin, ta shiga ta durƙusa, ta kama igiyar tana ja hannu bayan hannu. A tsakiya ruwa ya bugi gefen jirgin ya kaɗa shi, ta tsaya cak har ya daidaita, sannan ta ci gaba. Ta sauke takin a waccan gaɓar, ta dawo babu kaya. Wata mata mai suna Fadima, wadda gonarta ke maƙwabtaka da tasu, ita ce ta fara tashi ta ce a tsallaka da ita. Ranar sawu bakwai Saloma ta yi kafin ta samu ta shiga gonarta.

Daminar nan ba ta rasa ranar noma ko ɗaya saboda ruwa ba. Sau ɗaya jirgin ya hau kan dutse da kaya a ciki, ya kankare fenti da tsawon hannu, amma faibar ta riƙe. Shinkafar ta zo gida a bushe. Hannun daman Ezekiel bai dawo ba har yau, maganarsa dai ta ɗan saki. Sau biyu ta tsallaka da shi ya zauna a gindin itace yana kallon masu girbi.

Da ni mai ba da labarin nan na je gidan a watan Disamba, jirgin yana kife a rumfa a kan turame biyu, ita kuma tana fama da ɗinkin Kirsimeti. Na tambaye ta ko akwai abin da za ta sauya in da za ta sake. Ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba ta ce ai sakewa za ta yi, don Fadima da wasu mutum uku sun haɗa kai suna son nasu, har Rebecca ta sa danƙon a mota. Ta ce wannan karon za ta ƙara masa faɗi da taƙin hannu ɗaya, don buhu biyu su kwanta gefe da gefe maimakon a ɗora wani kan wani. Ezekiel daga kujerarsa ya ce in aka ƙara faɗi sai an sake lissafin gefunan duka, ba abin wasa ba ne. Ta ce ta sani, ta riga ta fara, bayan Sabuwar Shekara za ta kawo masa ya duba.